Masu Aikin Gandun Dajin Ƙasa: Su Wane Ne, Kuma Ta Wace Ƙofa Ake Shiga?

Ka tambayi ɗan sakandare a Jega Firchin, ko Aliero, ko Maiyama, wane aiki yake buri. Zai ce soja, ko kwastan, ko likita. Da wuya ka ji wanda zai ambaci gandun daji. Ba laifinsa ba ne, domin mutum ba ya burin abin da bai taɓa gani ba, kuma Jihar Kebbi ba ta da gandun dajin ƙasa ko ɗaya. Amma aikin yana nan, na gwamnatin tarayya ne, ɗan Kebbi yana da haƙƙi a cikinsa kamar ɗan kowace jiha, kuma makarantun da ake koyonsa ba su da nisa da mu.

Mene ne gandun dajin ƙasa?

Gandu iri-iri ne, kada ka haɗa su. Akwai wanda iyayenmu suka sani tun zamanin En'e, inda malamin daji yake hana saran itace ba da izini ba. Wannan yana hannun jiha da ƙaramar hukuma. Akwai gandun namun daji na jiha, kamar Yankari a Bauchi. Sai kuma gandun dajin ƙasa, wanda gwamnatin tarayya ta keɓe da doka. A cikinsa ba a farauta, ba a kiwo, ba a noma, ba a saran itace, ba a haƙar ma'adinai. Ana shiga ne don yawon buɗe ido ko bincike, shi ma da izini.

Hukumar Kula da Gandun Dajin Ƙasa ce take riƙe da su. Hedikwatarta tana Abuja, a ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. Tsofaffin gandayen nata bakwai ne: Tafkin Kainji, Kamuku, Gashaka-Gumti, Yankin Tafkin Chadi, Tsohuwar Oyo, Okomu da Kuros Riba. Yankari ya taɓa zama a cikinsu daga 1991, sai aka mayar wa Jihar Bauchi a 2006. A 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a ƙara goma, har da Falgore a Kano da Kogo a Katsina. Sabon gandu kuwa yana nufin sabbin ma'aikata, ko da yake amincewa a takarda daban, fara aiki daban.

Wanne ne mafi kusa da mu?

Tafkin Kainji. Shi ne na farko a Najeriya, an kafa shi a 1979, kuma faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 5,000. Kashi biyu ne, Borgu da Zugurma, a jihohin Neja da Kwara, ofishinsa yana New Bussa. Ruwan da ya ba shi suna shi ne wanda masuntan Yawuri da Ngaski suke su a cikinsa, don haka in ka bi titin Jega zuwa Koko ka isa Yawuri, ka riga ka iso bakin tafkin. Ta gabas akwai Kamuku a Birnin Gwari. Ta yamma, in ka ƙetare iyaka ta Kamba, akwai gandun W da ƙasashen Nijar, Benin da Burkina Faso suka yi tarayya a kansa.

Me ɗan sintiri yake yi a dajin?

Shi ne ƙashin bayan aikin. Yana sa kaki, yana riƙe bindiga, an ba shi horo irin na jami'an tsaro, kuma doka ta ba shi ikon kama mai laifi a cikin gandu a gurfanar da shi a kotu. Amma in kana zaton kullum cikin harbi yake, ka yi kuskure. Yawancin aikinsa tafiya ce a ƙasa da lura.

Ana fita a ƙungiya, a yi kwanaki a dawa. Kowa da jakarsa: garin kwaki, shinkafa, gidan sauro, gorar ruwa. Da sassafe ake kama hanya kafin rana ta yi zafi. Wanda ke gaba idonsa yana ƙasa. Ga sawun gwanki, ga na ɓauna, ga kashin giwa ko na kura, sabo ne ko ya kwana? Ga reshen da aka karya da hannu, ba dabba ce ta karya shi ba. A bakin mashaya aka fi tsayawa, domin nan maharba suke ɗana tarko. Tarkon waya shi ne mafi muni: waya ce irin ta birkin babur, a yi mata zarge a ɗaure a gindin itace. Ba ta zaɓe. Gada take kamawa, zaki ma tana kamawa, ta yi ta cin ƙafarsa har ya mutu. Ɗan sintiri yana kwance ta, ya ƙirga, ya rubuta inda ya same ta.

Wannan rubutun ne ya bambanta aikin yau da na da. Yanzu ana riƙe waya ko wata 'yar na'ura da ke nuna ainihin inda mutum yake ta hanyar tauraron ɗan'adam. Duk abin da aka gani, dabba ce, toka ce ta sansanin mafarauta, kututturen madobiya ne da aka sare, ko garken shanu, sai a shigar. In an koma ofis a zuba a kwamfuta, ta fitar da taswira. Da ita shugaban gandu yake sanin inda ɓarna ta fi yawa, da kuma inda 'yan sintirinsa suka yi wata ba su taka ba. Akwai kuma kyamarar da ake ɗaurewa a jikin bishiya, wadda take ɗaukar hoto da kanta in wani abu ya gifta. Da irinta ake tabbatar da cewa damisa tana nan, ko da an yi shekara ba wanda ya gan ta.

Da kaka, in ciyawa ta fara bushewa, su ne kuma suke sa wuta da gangan. Za ka ce ai gobarar daji ɓarna ce. Haka ne, amma wutar da aka sa da wuri, ciyawa da sauran danshi, a hankali take ci, kuma tana hana babbar gobarar bazara da ke kashe itatuwa.

To duk ma'aikatan masu bindiga ne?

A'a. Akwai masu bincike, waɗanda suke ƙirga dabbobi da tsuntsaye, su auna itatuwa, su faɗi abin da ke raguwa da dalilinsa. Akwai likitan dabbobi, wanda in za a sa wa giwa abin wuya mai nuna inda take, kamar yadda aka yi a Yankari, shi yake harba mata allurar barci. Akwai masu yi wa baƙi jagora da masu kula da masauki. Akwai direba, makanike, akanta, lauya, da mai zana taswira a kwamfuta.

Sai kuma jami'in hulɗa da jama'a, wanda a ganina aikinsa ya fi na kowa wuya. Shi yake zama da dagaci, da arɗo, da sarkin baka, da matan da ke tsintar kaɗanya. Shi ake kai wa kuka in gwaggon biri ya shiga gonar masara, ko dorina ta tattake shinkafa. Wannan aiki yana son mai jin Hausa da Fulatanci, ko yaren mutanen wurin, wanda ya san yadda ake gaida manya kafin a shiga magana. Babu digirin da ke koyar da wannan.

Ke ma da kike karantawa, ƙofar ba a rufe take ba. Akwai mata a bincike, a wayar da kai, a ofis, har ma da masu kaki.

Daga ina suke fitowa?

Hanya biyu ce, kuma a daji suke haɗuwa. Ta farko ita ce ta 'yan ƙauyukan da ke kewaye da gandu. Da yawa daga cikin gwanayen bin sawu 'ya'yan maharba ne, ko makiyaya, wasu ma tsofaffin mafarauta ne da suka ajiye baka. Kada abin ya ba ka mamaki. Wanda ya san inda ake ɗana tarko shi ya fi sanin inda za a neme shi. Ta biyu ita ce ta makaranta, masu difloma da digiri, waɗanda suke hawa matakan aiki har su riƙe gandu guda, ko su kai kujerar shugaban hukumar.

Misali mai kyau yana nan kusa, a Nijar. A yankin Kure, tsakanin Yamai da Dosso, akwai ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma. A 1996 ba su kai 50 ba. Daga baya sun haura 600, har a 2018 aka kwashi wasu aka kai gandun Gadabeji a Jihar Maraɗi. Masana sun yi nasu, amma masu jagoran da suka san kowace dabba da zanen jikinta mutanen ƙauyukan wurin ne, manoman gero da wake.

Wane karatu zan yi?

Fara daga sakandare. Ka riƙe darussan kimiyya: nazarin halittu ko aikin gona, kimiyyar sinadarai, lissafi da Turanci, ka nemi kiredit biyar. Daga nan sai JAMB.

Makarantar da aka kafa don wannan aiki musamman ita ce Kwalejin Tarayya ta Kula da Namun Daji da ke New Bussa, tun 1978, a maƙwabtan gandun Kainji. Tana ba da ND, wato ƙaramar difloma ta shekara biyu, da HND, babbar difloma ta ƙarin shekara biyu. Tana ƙarƙashin Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Najeriya da ke Ibadan, wadda take da wasu kwalejojin a Jos da Afaka ta Kaduna.

In digiri kake so, ba sai ka yi nisa ba. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, tana koyar da ilimin gandun daji da kiwon kifi a tsangayar aikin gona. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ma tana da sashen gandun daji. Wanda ya gama yana son zurfafa bincike, akwai cibiyar A.P. Leventis ta nazarin tsuntsaye a Jos, da ke ba da digiri na biyu.

Shawara ɗaya: lokacin koyon aiki na ɗalibai, ko bautar ƙasa, ka nemi a tura ka gandu ko ma'aikatar muhalli. A nan za ka gane ko jikinka da zuciyarka za su ɗauka.

Me zan kashe, me zan samu?

Kuɗin makaranta yana sauyawa duk shekara, don haka ka tambayi makarantar kai tsaye. Kwalejojin tarayya galibi sun fi sauƙi, kuma tun 2024 akwai asusun NELFUND da ke ba ɗalibai rance. Neman aikin kansa kyauta ne. Duk wanda ya kira ka ya ce yana da gurbi a Abuja, ka turo kuɗi, ɗan damfara ne. Ana sanar da ɗaukar ma'aikata a fili, ana duba takardu da lafiyar jiki, kuma akwai ƙa'idar raba gurabe tsakanin jihohi. Ka tanadi takardar shaidar ƙaramar hukumarka da lambar NIN.

Albashi na gwamnati ne, da fansho. Ba aikin yin arziki ba ne, kuma gurabe ba su da yawa. Za a iya tura ka Taraba ko Kuros Riba, nesa da iyali.

Ba haɗari?

Akwai, kuma ba a ɓoye shi. A da maciji da ɓauna da mafarauci ake tsoro. Yanzu 'yan bindiga sun yi sansani a sassan Kamuku da Kainji, har akwai wuraren da sintiri ba ya yiwuwa sai da sojoji. A Kure ma, a watan Agustan 2020, an kashe Faransawa shida ma'aikatan agaji tare da direbansu da mai yi musu jagora. Ranar 31 ga Yuli ta kowace shekara ake tunawa da 'yan sintirin da suka rasu a bakin aiki a duniya baki ɗaya. Ka zauna da iyayenka a kan wannan tun kafin ka cike fom.

Kada kuma ka rikita wannan aiki da dakarun tsaron daji da Shugaba Bola Tinubu ya amince a ɗauka a 2025. Su an yi su ne don korar 'yan ta'adda daga dazuzzuka. Ɗan sintirin gandu aikinsa na asali kare dabbobi da itatuwa ne, ko da yake halin da ake ciki ya sa ayyukan biyu suna cakuɗewa.

In ban samu gurbi a gandun ƙasa ba fa?

Takardar ba ta tashi a banza ba. Kebbi tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Katangar Itatuwa ya shafa, wato shirin dasa itatuwa don tare hamada, kuma yana buƙatar masu rainon dashe da masu sa ido. Ma'aikatar muhalli ta jiha da sashen gandun daji na ƙananan hukumomi suna ɗaukar masu irin wannan karatu. Ƙungiyoyi masu zaman kansu ma suna ɗauka: WCS ta daɗe tana aiki a Yankari, ANI kuma tana tallafa wa Gashaka-Gumti tun 2017, inda take horar da 'yan sintiri daga ƙauyukan yankin. Wanda kuma ya iya rainon mangwaro, darbejiya, zogale da turare zai iya buɗe nasa wurin a bakin fadama, ya riƙa kai dashe kasuwar Jega da farkon damina.