Ƙaba Ba Ta Jiran A Gama Girbi

Tun da ruwan madatsar Tiga ya fara bin magudanan Kadawa a shekarun 1970, manomin Kura da Bunkure ya daina sanin hutun rani. Ana cire shinkafa a zuba tumatir ko alkama. Arziki ne, amma ya sa mai ƙaba kullum yana da uzuri: "Bari dai in kwashe amfanin nan."

Ƙaba rauni ne a bangon ciki, inda hanji ko kitse ke samun kafa ya leƙo ƙarƙashin fata. Kusan uku cikin huɗu a matse-matsi take fitowa, ta fi yawa a dama, kuma ta fi kama maza nesa ba kusa ba: kimanin 27 cikin 100 na maza za su gamu da ita a rayuwarsu, mata kuwa 3 cikin 100. Dalili shi ne hanyar da 'ya'yan maraina suka bi suka sauko tun jariri yana ciki. Wurin ba ya cika ƙarfi, wani ma bai rufe ba sam.

Shi ya sa ɗora laifin duka kan buhun shanshara bai cika adalci ba. Ɗaukar kaya da cicciɓar injin ban ruwa suna tura hanji ne ta ƙofar da dama ba ta rufu da kyau ba. Haka tarin da ya daɗe, da sigari, da yunƙuri a bayan gida, da tsohon da sai ya yi nishi kafin fitsari ya fito. Mata kuma tasu kan zo ta cibiya bayan haihuwa a kai a kai, ko ta tabon tiyatar haihuwa. Akwai wata ƙarama da ke fitowa a saman cinyar mace, ita ce ma ta fi saurin shaƙe hanji. Babbar cibiyar yara dai galibi kan rufe da kanta kafin shekara 5, ba sai an ɗaure ta da kwabo ba.

Ba kowace gwaiwa ce ƙaba ba, wata ruwa ne ya taru, likita ne zai bambance. Ƙaba kan koma ciki idan an kwanta, wannan ne ke yaudarar mutane, ga kunya kuma. Babu jiƙo ko ƙulli da ke ɗinke tsoka. Aikin tiyatar da aka shirya cikin natsuwa sau da yawa allurar kashe wurin kawai yake buƙata, a sa raga a ƙarfafa bangon, mutum ya kwana gida.

Ranar da kumburin ya ƙi komawa, ya yi tauri, ga zafi da amai, hanji ya shaƙe ke nan, kuma cikin awanni kaɗan yake iya mutuwa. Nan take za a nemi mota, ko zuwa babban asibiti mafi kusa, ko kai tsaye Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, kuma kada a ba mai ƙabar ci ko sha a hanya.