Laifin Ganganci a Ƙwallon Kwando: Dabara Ce ko Zamba?

A gasar NBA ta Amurka akwai dabarar da ake kira Hack-a-Shaq, wato a riƙe ɗan wasan da bai ƙware a jifan kyauta ba da gangan, don alƙali ya ba shi jifa ya ɓarar. Koci Don Nelson ya gwada ta kan Dennis Rodman a 1997, amma ta samo sunanta daga Shaquille O'Neal, wanda kusan rabin jifansa na kyauta ba ya shiga.

Magoya bayanta sun ce mai rauni ya je ya koya. Masu suka kuwa sun ce tana kashe armashin wasa. A 2016 aka tsananta hukunci: a minti biyun ƙarshen kowane zango, ƙungiyar da aka yi wa irin wannan laifi za ta samu jifa ɗaya, sannan ta riƙe ƙwallo.