Ƙwayar cutar da ke ɓuya a cikin masu gadin jiki: bayani kan taifod da gurɓataccen abinci

Iyalai da dama suna tambayarmu: me ya sa yaro zai sha maganin zazzaɓi, jiki ya yi sanyi kwana biyu, sannan ciwon ya dawo fiye da na farko? Mun kawo muku wannan bayani ne domin sau da yawa amsar tana ga wata ƙwayar cuta mai suna Salmonela, wadda ke shiga ciki ta abinci ko ruwan da ƙazanta ta taɓa.

Iri biyu ne suka fi damun mu

Na farko yana zaune a hanjin kaji, shanu da awaki. Yana zuwa mana ta naman da bai dahu sosai ba, ɗanyen ƙwai, ko nonon da ba a tafasa ba. Yakan kawo gudawa, amai da murɗar ciki, kuma ga babba mai ƙarfi yakan wuce cikin mako guda.

Na biyu shi ne mai kawo taifod. Wannan a jikin ɗan Adam kaɗai yake rayuwa. Yana fita a bayan gida, ya koma bakin wani ta hannun da ba a wanke ba, ta ƙuda, ko ta ruwan dam da na rijiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum kusan miliyan 9 suka kamu da taifod, kimanin 110,000 suka rasu.

Yadda take kuɓucewa masu gadi

Allah ya sanya mana masu gadi a cikin jini, wato fararen ƙwayoyin jini. Daga cikinsu akwai manya da likitoci ke kira makrofaj, mu ce musu masu haɗiya. Aikinsu shi ne su haɗiye duk baƙuwar ƙwaya, su kulle ta a wata 'yar jaka a cikinsu, su zuba mata ruwa mai guba har ta narke. Yawancin ƙwayoyin cuta a nan suke ƙarewa.

Salmonela kuwa dabararta uku ce.

Ta farko, tana da wani tsinke siriri kamar allura. Da shi take tsira fatar hanji ta zuba sinadaran da ke sa hanjin da kansa ya buɗe mata hanya.

Ta biyu, irin mai kawo taifod yana sanye da wata riga mai santsi da ke rufe alamun da masu gadi ke gane baƙo da su. Shi ya sa a farko jiki ba ya yin ƙara: ba lalle a ga gudawa ko amai ba. Mutum zai iya yin mako ɗaya zuwa uku yana harkokinsa bai san ya kamu ba.

Ta uku ita ce mafi muni. Idan mai haɗiya ya haɗiye ta, sai ta fito da wata allurar daga cikin jakar da aka kulle ta, ta hana ruwan gubar isowa gare ta. Kurkuku ya zama mata ɗaki. A nan take ci, take hayayyafa, inda sauran masu gadi ba sa ganin ta. Mai gadin kuma ya zama mata jaki: ya ɗauke ta ya kai ta hanta, saifa da ɓargo. Sai ta yi yawa sannan ta bazu cikin jini, zazzaɓi ya fara hawa kullum, da ciwon kai da kasala da rashin cin abinci.

Daga hanta takan sauka matsarmama, ta sake komawa hanji. A can faɗan da ake yi tsakaninta da masu gadi kan cinye bangon hanji, galibi a mako na uku, har ya huje. Wannan sai tiyata, kuma irin aikin da likitocin Asibitin Koyarwa na Tamale suka saba yi ne, musamman ga yara.

Maleriya na buɗe mata ƙofa

A nan arewacin Gana damina na zuwa da sauro daga watan Mayu zuwa Oktoba. Maleriya tana fasa jajayen ƙwayoyin jini, abin da ke fitowa daga cikinsu kuma yana raunana masu gadi. Don haka ga yaron da ya yi maleriya, ko mai ƙarancin jini, ko mai tamowa, ko mai sikila, har Salmonela irin ta gudawa tana iya tsallake hanji ta shiga jini. Alamarta a lokacin sau da yawa zazzaɓi ne kawai, sai a ɗauka maleriyar ce ta dawo.

Mai ɗauke da ita bai sani ba

A cikin mutum 100 da suka warke, kamar 2 zuwa 5 ƙwayar takan zauna musu a matsarmama shekara da shekaru, suna fitar da ita suna kuma cikin ƙoshin lafiya. A 1907 a birnin New York na Amurka aka gano wata mai girki, Mary Mallon, wadda gidajen da ta yi wa aiki suka riƙa kamuwa da taifod alhali ita ko kwanciya ba ta yi ba. Wannan ba dalilin ƙyamar kowa ba ne. Darasin shi ne duk mai dafa abinci, lafiyarsa ƙalau ko a'a, ya wanke hannu da sabulu.

Abin da za mu yi

A shanye magani duka. Ranar da zazzaɓi ya sauka, waɗanda ke yawo a jini ne suka mutu, na cikin masu haɗiya suna nan. Idan aka tsaya, su ne za su fito. A Pakistan tun 2016 aka samu irin taifod da yawancin magungunan da aka saba ba sa kashewa. Kada a sayi ƙwaya biyu ko uku a kemis, kada a raba maganin yaro ɗaya ga yara biyu.

Zazzaɓin da ya kai kwana uku, ko wanda bai sauka ba bayan maganin maleriya, a koma asibiti a faɗa wa ma'aikacin lafiya ranar da ya fara.

Idan ciki ya kumbura ko ya yi tauri kamar allo, ko an ga jini a bayan gida, ko yaro ya fara sambatu, a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Kada a ba shi jiƙo ko maganin wankin ciki.

Ruwan dam, na rijiya da na tanka a tafasa shi ko a sa masa ƙwayar kulorin, a ajiye a jarka mai murfi. A tafasa nono kafin a dama fura. Tuwo, wake da shinkafa ko miyar da ta kwana, a ɗumama ta har ta yi tururi. Kashin jarirai ma a zuba shi a masai. Ruwan buta kaɗai bai isa ba, sai da sabulu.

Akwai allurar rigakafin taifod da ake yi sau ɗaya, kuma Burkina Faso ta yi wa yara ita a farkon 2025. Waɗanda suka zo daga can su nuna wa ma'aikatan lafiya katin rigakafin yaransu.

Duk iyalin da rashin katin inshorar lafiya, ko rashin takarda, ko rashin jin harshe ya hana su kai mara lafiya asibiti, su zo ofishin kariya. Za mu raka ku, mu yi muku tafinta, abin da kuka faɗa mana kuma sirri ne. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu lafiya, ya tsare mana 'ya'yanmu.