Layin Waya da Taswira a Guzurin Maniyyaci



Kakanninmu da suka nufi Makka ta ƙasa, suka bi ta Barno da Wadai, suka ratsa Darfur da Kordofan har Sawakin a bakin Bahar Maliya, sun dogara ne ga madugu da jagaba da tambayar mutanen zango, wasunsu kuwa sai sun shekara da shekaru kafin su yi arba da Ka'aba. A yau jirgi kan sauke maniyyaci a Jidda ko Madina cikin 'yan sa'o'i, amma ɓata bai gushe ba, ya dai tashi daga daji ya koma tsakiyar jama'a.

Farkon abin da ya kamaci baƙo shi ne layin wayar Saudiyya, irin wanda ake biya kafin a yi amfani da shi. Manyan kamfanonin Saudiyya uku ne, STC da Mobily da Zain, kuma tun shekarar 2016 hukuma ta wajabta ɗaukar hoton yatsa kafin a sayar da layi, saboda haka sai mutum ya je da kansa, da fasfonsa a hannu. Layin da ake tallarsa a gefen hanya da rajistar wani, komai arharsa, mu dai ba mu ga alheri a cikinsa ba, domin ana iya yanke shi a ranar da aka fi bukatarsa. A tambayi adadin kwanakin kuɗin da aka zuba, kada wa'adi ya cika ana tsakiyar manasiki. Layin gida kuma a bar shi cikin waya saboda saƙon banki, a dai kashe masa data.

Amma inda muke so mu tsaya mu yi nazari shi ne sha'anin taswira, domin da yawa cikinmu na zaton kuɗin kati ne ke nuna wa waya inda take, alhali ba haka al'amarin yake ba. Akwai taurarin ɗan'adam na GPS da ke kewaya duniya a nisan kusan kilomita 20,200, suna aiko da sigina dare da rana, wayar kuwa saurare kawai take yi, idan ta ji huɗu daga cikinsu sai ta yi hisabi ta san matsayinta, ko da babu ko kwabo ɗaya a layin. Abin da ke cin data shi ne zanen tituna, shi ya sa hikima ita ce a sauke taswirar Makka da Madina ta Google Maps tun a gida, tare da sanin cewa wadda aka sauke tana ba da kwatancen mota ne kaɗai, mai tafiya a ƙasa sai dai ya bi shuɗin ɗigon da ke nuna inda yake da idonsa.

Ita kuwa waya, duk da wannan basira tata, sanin inda kake kaɗai take da shi, ba ta san inda ka fito ba sai ka gaya mata. A Mina tantuna sun haura 100,000, dukkansu farare, layi bayan layi, har mutum ya dawo daga jifa a galabaice, ya wuce ƙofar nasa bai sani ba. Don haka duk wanda ya sauka, a unguwar Misfala ta Makka ne ko a Mina, kafin ya ajiye jaka, ya tsaya a bakin ƙofa ya danna wurin a taswira, ya adana shi, ya aika wa abokan tafiyarsa. A cikin hanyoyin da aka fafe ƙarƙashin duwatsu sigina kan ɓace, kusa da dogayen benayen Harami kuma ɗigon kan yi tsalle, nan sai a riƙe lambar ƙofar Harami: ta Sarki Abdul'aziz 1, ta Sarki Fahad 79.

Ba don ƙawa muke wannan jan hankali ba. A hajjin 2024, wanda sama da mutum miliyan 1.8 suka halarta, zafi ya wuce digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya kuma suka sanar da rasuwar fiye da mutum 1,300, Allah ya jiƙansu da rahama. A irin wannan rana, sa'a guda ta yawon neman masauki tana iya kayar da dattijo.

Su dattawan ne ma suka fi tsaya mana a rai, iyayenmu mata da maza da suka tara kuɗin kujera da guminsu, waɗanda ba su saba da latsa waya ba. Haƙƙi ne a kan duk matashin da Allah ya haɗa su ɗaki ɗaya ya karɓi wayar Baba ko ta Hajiya, ya sa mata layi, ya adana lambar jami'in alhazai da 911 ta neman agaji a yankin Makka, ya kula da cajinta kowane dare, domin zafi na saurin cinye batir. Sannan ya rubuta sunan masauki da lambar tanti da Larabci a takarda, ya haɗa da katin shaidar alhazai na Nusuk, ya rataya musu a wuya kafin a fita Arfa.