SAMARUN KATAF DA KEWAYENTA: ƘASAR TUDDAI, RUWA DA CITTA

Da yawa daga cikin 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Anacha, in aka ce "Samaru" sai hankalinsu ya tafi Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar binciken aikin gona suke. To, akwai wata Samarun kuma a Jihar Kaduna, can kudu, cikin Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf, ita ce ake kira Samarun Kataf. Ba babban birni ba ce, amma tana zaune a mararrabar hanyoyin da suka nufi Zonkwa da Kaciya, da Kagoro da Kafancan, da kuma Zango har Saminaka. Daga wannan yanki ne mafi yawan cittar da ake sayarwa a kasuwar Mile 12 da Agege take fitowa, haka kuma wadda ake lodawa a jiragen ruwa a Apapa. Saboda haka duk mai shan shayi da kunun zaƙi, ko mai sana'ar tsire da kilishi a Kurmi, yana da ruwa da tsaki cikin abin da ke faruwa a can.

YANAYIN ƘASAR

Yankin yana gindin tudun Jos ne ta wajen yamma. Garin Kafancan yana bisa kimanin ƙafa 2,400 daga gaɓar teku, duwatsun Kagoro kuwa, waɗanda ake hange daga nesa, sun kai wajen ƙafa 4,000. Waɗannan tuddai su ne asirin ƙasar. Iskar damina da ke tasowa daga teku ta kudu maso yamma, in ta zo ta ci karo da su sai ta hau sama, ta yi sanyi, ta zubar da ruwanta a nan. Shi ya sa Kafancan kan sami ruwan sama kimanin inci 60 a shekara, watau wajen milimita 1,500, alhali Kano ba ta cika wuce inci 35 ba. Damina kan sauka tun watan Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba. Lokacin da manomin Katsina ke zaman jiran ruwan shuka, na Samarun Kataf ya riga ya yi noman fari.

Ruwan nan ya rabu gida biyu. Wanda ya gangara arewa yakan faɗa Kogin Kaduna, wanda ya taso daga tudun Jos ya ratsa ta ƙasar Kataf, daga ƙarshe ya shiga Kwara. Wanda ya gangara kudu ta wajen Kafancan kuwa yakan bi Kogin Mada ya shiga Binuwai. A kusa da Kafancan ne ake da magangarar ruwa ta Matsirga, wadda baƙi ke zuwa kallo. A bakin rafuka akwai kurmi mai duhu, har da giginya da kwakwar manja, abin da kan ba baƙo daga Sakkwato mamaki, ya ce ashe akwai Kurmi a cikin Arewa.

MUTANEN ƘASAR

Masu ƙasar Samaru da Zango su ne waɗanda Hausawa ke kira Katafawa, su kuwa suna kiran kansu Atyap, harshensu Tyap. Maƙwabtansu su ne Bajju, waɗanda aka sani da Kaje, su ne a Zonkwa. Da Agworok na Kagoro. Da Asholyio, watau Marwa, na Mancok. Da Fantswam na Kafancan. Da Ham, watau Jaba, na Kwoi. Da Ikulu da Kamantan da Kagoma da Kaninkon da sauransu. Kowace kabila da harshenta, ko da yake wasu harsunan 'yan uwan juna ne ƙwarai. A yau jama'ar sun fi son a kira su da sunan da suke kiran kansu, kuma ladabi ne baƙo ya kiyaye haka.

Abin da ke haɗa su a kasuwa da tasha shi ne Hausa. Har a coci ma da Hausa ake wa'azi da waƙa a wurare da dama. 'Yan mishan na SIM sun sauka Kwoi a cikin 1910, daga baya suka kafa tasha a Kagoro, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa kuwa ya fito a 1932. Makarantun mishan su suka sa yankin ya yi nisa a boko, ya ba ƙasa malamai da sojoji da ma'aikata masu yawa. Marigayi Patrick Yakowa, wanda ya yi Gwamnan Jihar Kaduna daga 2010 zuwa 2012, mutumin Fadan Kagoma ne. Bishop Matthew Kukah na Sakkwato kuma ɗan Ancuna ne ta ƙasar Ikulu.

Hausawa da Filani ma ba baƙin jiya ba ne. Sunan Zango kansa ya nuna asalinsa, watau masaukin fatake, tun zamanin da ayari ke bi ta nan da jakuna. Masarautar Jama'a kuwa Filani suka kafa ta wajen 1810 a ƙarƙashin Zazzau. Amma Kagoro da Marwa da Jaba sun tsaya da sarautunsu na kansu. Sarkin Kagoro Malam Gwamna Awan ya yi mulki daga 1945 har zuwa rasuwarsa a 2008, shekara sittin da uku ke nan. A Kagoro ne ake bikin Afan ran 1 ga Janairu kowace shekara, bayan an gama kaka.

Zaman mutane a wannan ƙasa ya girmi duk waɗannan sarautu. A cikin 1928 masu haƙar kuza suka tono wani mutum-mutumin yumɓu a ƙauyen Nok, kusa da Kwoi. A 1943 aka kai wa wani Bature mai suna Bernard Fagg wani kan mutum na yumɓu daga wajen Jama'a, wanda aka ce wani ya kafa a gonar doya don tsorata ɓarna. Bincike ya nuna mutanen Nok sun yi zamani tun fiye da shekara 2,500 da suka wuce, suna noman gero, suna narka tama su fitar da ƙarfe.

JIRGIN ƘASA YA GINA KAFANCAN

A cikin 1927 layin dogo na gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi, ya haɗu da Kaduna ta Kafancan, aka kuma fitar da reshe daga nan zuwa Jos saboda kuza. Nan da nan ƙauye ya zama gari. Inyamurai da Yarabawa da Hausawa suka zo aikin reluwe da ciniki, har a 1933 Sarkin Jama'a ya bar tsohon garinsa ya komo Kafancan da zama. Da aka miƙa layin zuwa Maiduguri a 1964, duk jirgin da zai tafi Barno sai ya bi ta nan. Daga baya reluwe ya lalace, yau manyan motoci ne ke ɗaukar amfanin gona zuwa Kudu, kuɗin mota da na shingayen hanya kuwa a kan mai saye suke ƙarewa.

ABIN DA AKE NOMAWA

Manomin yankin bai saba dogara ga abu ɗaya ba. A jigawa yana da dawa da masara da gyaɗa da waken soya. Yana da acca, wadda ke yi ko a ƙasar da ta gaji, da tamba, da dauro, wani irin gero da ake renonsa wuri guda kana a cire a dasa. A kunya akwai doya da gwaza da rizga da dankali, a fadama kuma shinkafa da rake. Babban aiki da gayya ake yinsa. Ana kiwon awaki da kaji da aladu, kasuwar aladu ta Katsit kusa da Kafancan, wadda ke ci ran Alhamis, tana cikin mafi girma a ƙasar nan, 'yan kasuwa daga Kudu ke cika ta.

Filani makiyaya da suka zauna a wurare kamar Abet sun daɗe da wata ma'amala da manoma: bayan girbi shanu su ci kara a gona, su bar taki. A cikin shekarun 1980 masu binciken dabbobi na ƙasashen waje sun zauna a Abet da Kurmin Biri suna nazarin wannan zama, suna gwada shuka ciyawar da za a ajiye wa shanu don rani. Akwai kuma makiyayar Ladduga a ƙasar Kaciya. A Samarun Kataf ɗin kanta akwai makarantar koyon aikin gona ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, da ofishin shiyya na hukumar raya aikin gona ta jihar.

Amma amfanin da ke kawo kuɗi shi ne citta mai yatsu. An fara nomanta don sayarwa tun wajen 1927 a kewayen Kwoi da Kubaca da Kafancan, ta bazu zuwa Kaciya da Kagarko da Zangon Kataf. Iri biyu aka fi sani: tafin giwa, mai faɗi da ruwan ɗorawa, da yatsun biri, siririya mai duhu da yaji. Citta tana son ruwa da yawa, amma ba ta son ya kwanta mata, ƙasar gangare mai ruwan sama irin wannan kuwa ita ce daidai da ita. Akan shuka a Afrilu ko Mayu, a rufe gonar da ganye da ciyawa don kada rana ta ƙona tsiron. Cirar ciyawa da hannu ake yi. Daga Nuwamba a fara tono, a tsaga kowace gida biyu, a shanya a kan fā ko tabarma cikin iskar hunturu. Sai an shanya kimanin awo huɗu ko biyar na ɗanya kafin a sami ɗaya na busasshiya. Wannan aiki na tsagawa da shanya mata da yara ne suka fi yinsa. Da kuɗin citta ake biyan makaranta, a sa kwano a ɗaki, a yi aure, a yi Kirsimeti da Salla.

Daga hannun manomi sai dillali, sai babban ɗan kasuwa mai sito, sai Kano ko Ikko, daga nan zuwa Indiya da Dubai da Turai. Kafin 2023 Nijeriya ce kan gaba a noman citta a Afirka, tana kuma cikin 'yan ƙasashen da ke gaba a duniya tare da Indiya da Sin da Nepal. Masu saye a waje suna yaba ta ne saboda yajinta da yawan manta.

SHEKARAR DA CITTA TA RUƁE

A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin citta. Ganye ya yi ɗorawa ya bushe, in an tona sai a tarar da saiwar ta ruɓe. Cikin 'yan makonni ta game Kaciya da Jaba da Kagarko da Jama'a da maƙwabtansu. Gwamnatin Tarayya ta ƙiyasta asarar manoma a kan Naira biliyan 12, a 2024 kuma ta ba da sanarwar tallafin Naira biliyan 1.6. Farashin citta ya yi tashin gwauron zabi har a kasuwannin Kudu.

Abin da ya sa ɓarnar ta yi tsanani shi ne yadda ake shuka citta. Ba ƙwaya ake shukawa ba kamar dawa, saiwar ce kanta ake gutsurawa a binne. Watau irin baɗi yana cikin amfanin bana. Wanda gonarsa ta ruɓe ya rasa kuɗin bana, ya kuma rasa irin baɗi. Wanda ya sayi iri daga gonar da ta kamu kuma ya sayo cutar da kuɗinsa, ga shi tana iya zama cikin ƙasa ta jira. Shawarar malaman gona ita ce a nemi iri mai lafiya, a tsoma shi cikin magani kafin shuka, a fitar wa ruwa hanya, kada kuma a maimaita citta a gona ɗaya shekara da shekaru. Waɗanda ba su yar da acca da masara da doya ba, su ne suka ci abinci a wannan shekara ba tare da bashi ba.

ZAMAN LAFIYA

Ɗaya matsalar ta girmi cutar citta. A watan Maris na 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Horon Malamai ta Kafancan, ya bazu zuwa wasu garuruwan jihar. A Fabrairu da Mayu na 1992 aka yi na Zangon Kataf, wanda ya faro daga gardamar mayar da kasuwa wani sabon wuri, amma tushensa tsohuwar jayayya ce kan filaye da sarauta, tun lokacin da ake naɗo hakimi daga Zazzau. An yi asarar rayuka masu yawa. A 1995 gwamnatin jihar ta ba Atyap da Bajju sarautunsu na kansu. Duk da haka an sake zub da jini bayan zaɓen 2011 a Zonkwa da Kafancan, aka kuma sha fama da hare-haren dare a ƙauyuka, musamman a 2016 da 2020. Babu ɓangaren da bai binne nasa ba.

Citta wata takwas take yi a ƙasa, tana bukatar mai ita ya riƙa zuwa gona kullum. Inda tsoro ya hana zuwa gona, ciyawa ce ke cinye ta. Inda aka kori makiyayi, taki ya tafi da shi. Inda ɗan kasuwa ya ji tsoron shiga ƙauye, buhu ya zauna a ɗaki har ƙwari su huda shi. Ba wanda ya isa ya ci arzikin ƙasar nan shi kaɗai, Allah ya riga ya ɗaure su da igiya ɗaya.

Don haka akwai abin da ya rataya a wuyan 'yan Arewa mazauna Kudu. In labarin tashin hankali ya zo daga gida, a bincika kafin a yaɗa, domin jita-jitar da aka ƙara wa gishiri a Ikko takan koma ta hura wuta a Zonkwa. Ƙungiyoyin 'yan asalin yankin da na 'yan kasuwar citta kuma suna da bakin da hukuma ke ji. Abin da ya kamata su matsa a kai shi ne a kafa gonakin renon iri mai lafiya kusa da manoma, a ƙara malaman gona, a kuma tabbatar tallafi ya isa hannun mai fartanya kafin ruwan Afrilu ya sauka. Allah ya ba da damina mai albarka, ya zaunar da ƙasar lafiya.