Kallon Bidiyo Ba Ya Yaye Ɗan Koyo

Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 don horar da mutum miliyan uku a fannin fasahar zamani, sha'awar koyon rubuta manhaja ta ƙaru a Arewa. Yau matashin da ke Shanono, in dai yana da waya da data, zai iya bin darasin Python ko JavaScript a YouTube kyauta. Sai dai a nan da yawa suke maƙalewa: a gama wannan darasi a ɗauko wancan, amma in aka ce mutum ya rubuta tasa manhajar, sai kai ya kulle.

Dalilin a fili yake. Mai darasi ya riga ya zaɓi matsalar, ya warware ta, ya yanke wuraren da ya yi tuntuɓe kafin ya saki bidiyon. Ɗalibi kwaikwayo kawai yake yi. Yaron tela ma ba a yaye shi don ya daɗe yana kallon maigidansa, sai ya yanka yadi da hannunsa, an warware ɗinkin an ce ya sake.

Saboda haka, da zarar ka fahimci tushe, nemi matsala ta gaske. Ga mai sayen hatsi a ƙauye yana kaiwa kasuwar Dawanau, bashinsa da cinikinsa duk a littafi. Rubuta masa manhajar lissafi. Nan take za ka ci karo da tambayoyin da babu su a darasi. Tiya nawa ce a buhu, tunda awo yakan bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa? Yaya za a rubuta wanda ya biya rabi, ya ce sauran sai kaka? In sabis ya ɗauke fa? Wannan tambayar za ta kai ka ga SQLite, rumbun bayanan da ke aiki cikin waya ba tare da intanet ba.

In manhaja ta ƙi tashi, karanta saƙon kuskuren a tsanake, domin yawanci yana nuna layin da matsalar take. In ka tambayi ChatGPT, kada ka liƙa amsar da ba za ka iya bayyana ta ba.

Sannan ka koyi Git, tsarin adana sauye-sauyen da kake yi wa aikinka, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, ka ɗora aikinka a GitHub. Karanta abin da wasu suka rubuta, ka bari na gaba da kai su duba naka, ko a ƙungiyar masu rubuta manhaja ta GDG a Kano ko cikin ɗaliban Jami'ar Bayero.

Mai ɗaukar aiki zai so ya ji abin da ka gina, wa ke amfani da shi, da yadda ka gyara shi da ya lalace. Manhaja ɗaya da ɗan kasuwa ke buɗewa kullum ta amsa duka ukun.