Tamakka a bakin shanu: abin da gwaji ya nuna da abin da ƙasar Bangi za ta iya ɗauka

Itacen da masana ilimin tsirrai suke kira Moringa oleifera yana da sunaye da dama a Hausa: zogale, zogala, zogalagandi, bagaruwar Makka, sai kuma tamakka da ake ji a wurare da yawa na Nijar. Sunaye biyu na ƙarshe suna shaida cewa Bahaushe ya ɗauke shi baƙon itace wanda ya biyo hanyar gabas. Asalinsa kuwa arewacin Indiya ne. Tambayar da wannan ƴar maƙala take dubawa ita ce ko ganyensa zai iya zama ƙarin abinci ga shanu a Bangi, cikin gundumar Madawa, da maƙwabtanta na Buza da Keita.

Mu fara da matsalar. Daga watan Maris zuwa faɗuwar ruwa, saniya tana rayuwa ne a kan busasshiyar ciyawa da karan hatsi. Furotin da ke cikinsu bai cika wuce kashi 3 ko 4 cikin 100 ba, alhali ƙananan halittun da ke narkar da abinci a tumbinta suna bukatar wajen kashi 7 kafin su yi aiki sosai. Idan suka rasa, kara yakan daɗe a tumbi, cin saniya ya ragu, ta rame, nono ya janye. Busasshen ganyen tamakka kuwa, kusan rubu'insa furotin ne. Saboda haka amfaninsa biyu ne: yana ciyar da saniya, yana kuma sa ta iya cin karan da da ta bari. Binciken Makkar da Becker na 1996 a Jami'ar Hohenheim ta Jamus ya nuna cewa tanin ɗinsa kaɗan ne ƙwarai. A nan sunan bagaruwar Makka yana iya ruɗarwa, domin bagaruwa ta ainihi yawan tanin ne ya sa majema suke nemanta, kuma tanin mai yawa yana ɗaure furotin ya hana dabba amfana da shi.

Gwajin da aka fi ambata shi ne na Reyes Sánchez da abokan aikinsa a Nikaragwa, wanda aka buga a 2006. Shanun da aka ba busasshiyar ciyawa ba tare da tamakka ba sun ba da kilo 3,1 na madara a yini. Da aka ƙara musu kilo 2 na tamakka sai madarar ta kai kilo 4,9, da kilo 3 kuma ta kai 5,1. Mu lura cewa kilo na uku bai ƙara wani abin kirki ba.

Sai dai a nan akwai tarkon fassara, kuma shi ne ya fi shafar sashenmu. Kilo 2 ɗin nan awo ne na abin da Faransanci ke kira matière sèche, wato nauyin da ya saura bayan an cire ruwa duka. Ɗanyen ganye kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne, don haka ana maganar wajen kilo 8 ne kowace rana ga saniya guda. Mai wa'azin noma da ya ce «kilo biyu na ganye» a rediyo ya rage adadin sau huɗu. Haka ma complément alimentaire: in aka fassara shi da «magani», kamar yadda bakin mutane ya saba game da zogale, makiyayi zai ba da ɗan tafi guda ya jira sakamako. Mun fi son «ƙarin abinci», ko a jera shi da dusa da harawa da ƴaƴan gawo, waɗanda kowa ya san matsayinsu.

Kilo 8 a yini ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da ruwan shekara bai cika wuce milimita 500 ba. Itacen yana jure fari, amma ba ya ba da ganye mai yawa da rani, lokacin da ake bukatarsa, sai da ban-ruwa. Wuraren da ruwa yake kusa, kamar kwarin Tarka da na Magiya, albasa da sauran kayan garka sun riga sun riƙe su. Ga kuma shinge, domin awaki ba sa barin ƙaramin dashe. Babban abin kuwa, a Nijar tamakka abincin mutane ce, ana dafa ta a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, tana da kasuwa. Da wuya mai garka ya zuba wa saniya abin da mata za su saya da kuɗi.

A ganinmu, abin da zai yiwu ya fi ƙanƙanta: tsinkayen ganye da rassa masu taushi da ake zubarwa bayan an zage ganyen sayarwa, da rarar damina in an shanya ta a inuwa aka ajiye. Wannan ba zai ɗauki garke ba, amma zai taimaki saniyar tatsa guda ko san turka a gida. A fara da kaɗan, a gauraya da dusa har dabba ta saba. Ɗanyen ganye yana iya sa wa madara wari, don haka a ba da shi bayan tatsa. Busasshe bai cika yin haka ba.